GWAJIN ƘANJAMAU: KARANTA TAKARDAR SAKAMAKO DA HAƘƘIN DA KE RATAYE DA ITA



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya lafiya ta zama amana a wuyan bayinSa, Ya kuma hore musu sanin abin da za su tsare ta da shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamanmu masu girma, limamai, 'yan agaji, da iyayenmu mata da ke saurare daga ɓangarensu, an umurce ni da in yi bayani a kan gwajin ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda likitoci ke kira HIV, mu kuma muke ce wa ƙanjamau, 'yan'uwanmu na Nijar suna cewa sida. Ni ma'aikacin lafiya ne, ɗalibi a gaban malamai. Saboda haka duk inda na taɓa fiƙihu na karkace, ga masu shi nan zaune, sai su gyara mini.

Dalilin wannan zama shi ne takardar asibiti ta riga ta shigo masallaci. Tun a shekarar 2012 Hukumar Hisba ta Kano ta sanya gwaji cikin sharuɗɗan auren zawarawa, sa'an nan a watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar, wanda ya haɗa da HIV, da ciwon hanta, da rukunin jinin da ke haifar da amosanin jini. A garuruwa da yawa da dokar ba ta shafa ba ma, iyaye sun ɗauki abin da kansu. Ga shi yanzu ana miƙa wa liman da waliyyi takarda a yanke hukunci da ita a kan rayuwar mutum biyu, alhali kuwa babu wanda ya zaunar da su ya koya musu karanta ta.

Na ga abin da wannan ke haifarwa da idona. Wata yarinya ce aka sa ranar aurenta, sai kawunta ya kai ta wani kemis a bayan layinsu aka soki yatsarta. Layi biyu suka fito. Kafin la'asar an aika wa dangin ango, kafin isha'i unguwa ta ɗauka. Bayan kwana uku mahaifiyarta ta kawo ta wurinmu ido ya kumbura da kuka, muka bi ƙa'ida aka sake gwaji, aka tabbatar ba ta ɗauke da komai. Amma an riga an mayar da kayan lefe, kuma takardar da muka ba ta ba ta iya bi gida-gida ta kwaso maganar da aka watsa ba. Har yau akwai masu nuna gidansu da baki.

Kafin mu shiga cikin takardar, akwai ɗan'uwan da zai ce: ni na dogara ga Allah, me zai kai ni tonon abin da Allah Ya rufe? Amsarsa tana cikin ƙissar da Imamu Malik da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham, da ya isa Sarga sai kwamandojin runduna suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya shawarci Muhajirai, ya shawarci Ansaru, ya shawarci dattawan Ƙuraishu, sa'an nan ya yanke shawarar komawa. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Sai Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai dausayi ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Abin lura a nan shi ne Umar ya saurari labarin tukuna, ya yi shawara, sa'an nan ya zaɓa. Wanda ya ƙi gwaji ya toshe kunnensa ne daga labarin, ya kuma kora matarsa da 'ya'yansa cikin kwarin ido rufe.

Wani kuma zai ce ai cutar ba tamu ba ce. An fara ba da rahotonta a Amurka a 1981, aka gano ƙwayar a Faransa a 1983, aka samu gwajin jini a 1985, Nijeriya kuma ta ba da rahoton mutum na farko a 1986. Babban binciken gida-gida da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, aka ƙiyasta mutum miliyan 1.9 a ƙasa baki ɗaya. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin shi ne kashi 0.6 cikin 100. Mun gode wa Allah da ƙarancinsa. To amma shida cikin dubu ke nan, kuma kowannenmu ya san yawan mutanen da ke cika masallacin Juma'a guda.

Yanzu sai gwajin kansa. Wanda aka fi yi a asibitocinmu shi ne na gaggawa: a soki yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake gani ba. Idan ƙwayar ta shiga jiki, garkuwar jiki tana ƙera wasu makamai na musamman domin yaƙarta, to waɗannan makaman gwajin yake nema a cikin jini. A kan mafi yawan kayan gwajin akwai wuri biyu, ɗaya da harafin C, ɗaya da harafin T. Layin C shaida ce cewa kayan gwajin sun yi aiki. Idan shi kaɗai ya fito, ba a ga alamar ƙwayar ba, shi ne abin da ake rubutawa da Turanci negetif. Idan layi ya fito a C da T, ko da na T ɗin dishi-dishi ne, gwajin ya nuna alama. Idan kuwa layin C bai fito ba, gwajin ya ɓaci, babu hukuncin da za a gina a kansa, sai a sake.

Mu fara da takardar da kowa ke murna da ita, wato negetif, domin ita ce aka fi ruɗuwa da ita. Manomi ya yi shuka yau, ka zo gonar jibi, ba za ka ga komai ba face ƙasa, alhali iri yana ciki. Haka jiki yake ɗaukar lokaci kafin ya ƙera makaman da gwaji zai gani. A wannan tsakani mutum yana ɗauke da ƙwayar, yana iya sa wa wani, a makonnin farko ma ƙwayar ta fi yawa a jininsa, amma takarda za ta ce ba a ga komai ba. Gwajin gaggawa na yatsa yana fara gani ne tsakanin kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa. Gwajin ɗakin bincike da ake ɗibar jini daga jijiya, wanda ke neman makaman da kuma wani ɓangare na jikin ƙwayar, yana gani tsakanin kwana 18 zuwa 45. Gwajin da ke neman ƙwayar kanta, wanda ake kira PCR, yana gani daga kwana 10 zuwa 33, sai dai yana da tsada, ba kuma ko'ina ake samunsa ba. Saboda haka takardar negetif ta gwajin gaggawa labarin wata uku da suka wuce take bayarwa. Abin da ya faru a watan jiya ba ta san shi ba.

A nan akwai wani abu da nake so malamai su duba. Matar da mijinta ya rasu tana yin takaba wata huɗu da kwana goma, ta wuce kwana 90 ke nan. Wadda aka saka tana yin idda ta tsarki uku, wanda ga mata da yawa yana kusantar wata uku. Idan aka gwada bazawara bayan ta fita, galibi takardarta ta faɗi gaskiyar halin da take ciki. Namiji fa? Namiji ba shi da idda. Yana iya rabuwa da wata yau, ya je gwaji gobe, a ɗaura masa aure da budurwa ranar Asabar. Amma a al'adarmu bazawara ake yi wa kallon zargi, ango kuwa ana karɓar takardarsa ba tambaya. Shawarata ita ce a yi gwaji sau biyu: ɗaya lokacin da aka sa rana, ɗaya gab da ɗaurin aure, tsakaninsu wata uku, kowa kuma ya ji tsoron Allah a tsakanin. Mai neman ƙarin aure ya sani kuma cewa ba shi kaɗai yake shiga ba, uwargida da ke ɗaki tana da haƙƙi a wannan takarda. Sakamakon miji ba ya wakiltar na mata, na kishiya ba ya wakiltar na kishiya. Mun sha ganin ma'aurata da suka shekara goma tare, ɗaya yana da ita ɗaya ba shi da ita. Kowa da jininsa za a gwada shi.

Ga 'yan agaji musamman, ku da kuke ɗaukar waɗanda suka yi haɗari jina-jina: idan allurar da aka yi wa wani ta soke ka, ko jini ya shiga rauni a jikinka ko idonka, kada ka zauna jiran wata uku. Akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, sharaɗinsa a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Haka nan yarinyar da aka yi wa fyaɗe. Iyaye suna ɓata waɗannan kwana ukun wajen zaman sulhu da rufa-rufa, har damar ta wuce.

Sai takarda ta biyu, wadda ta nuna alama. Gwaji ɗaya ba ya tabbatar da cewa mutum yana da HIV. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Nijeriya ita ce a fara da Determine, idan ya nuna alama a tabbatar da Uni-Gold, idan suka saɓa a raba gardama da Stat-Pak. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada a gaya wa mutum yana da ƙwayar sai gwaji uku mabambanta sun nuna alama a jere. Me ya kawo wannan tsanani? Bari mu yi lissafi, tunda malaman gado suna nan. A ɗauka, a matsayin misali, gwajin farko yana kuskure sau ɗaya cikin ɗari ga masu lafiya. Aka gwada mutum 1,000 a yankin da shida cikin dubu ke ɗauke da ƙwayar. Shidan nan za su nuna alama. Cikin sauran 994 kuma, kusan goma za su nuna alama bisa kuskure. Mutum 16 ke nan masu layi biyu, goma daga cikinsu lafiyarsu ƙalau. Wato a wuri irin namu da cutar ba ta da yawa, nan ne gwaji ɗaya ya fi saurin zaluntar mutum. Abin da ya sami yarinyar da na ba ku labari ke nan. Haka hukuncin yake ga kayan gwajin kai da ake shafawa a dasashi, irin su OraQuick: idan ya nuna alama, asibiti za a nufa a tabbatar, ba gidan surukai ba.

To idan an bi ƙa'ida an tabbatar fa? A nan ne nake roƙon a saurare ni da kyau. Takardar ta ce akwai ƙwayar a jinin wannan bawan Allah. Iyakar abin da ta sani ke nan. Ba ta san yaushe ta shiga ba, domin mutum yana iya shekara takwas ko goma da ita ba tare da ciwon kai ba. Ba ta san ta wace hanya ta shiga ba. Gaskiya ne zina babbar ƙofa ce ta wannan cuta, kuma ba za mu daina faɗar haramcinta a kan mumbari ba. Amma akwai matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta na sunna. Akwai saurayin da aka haife shi da ita. Akwai wanda aka yi wa ƙarin jinin da ba a tace ba, da wanda aka yi wa allura da sirinjin da aka yi wa wani, ga kuma haɗarin askar wanzami da ƙaho da kayan yankan farce idan ba a tsabtace su ba. Shari'a ta sanya shaidu huɗu kafin a tabbatar da zina, ta kuma sanya bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiya bai kawo su ba, kamar yadda yake a Suratun Nur. Ban ga inda ɗigon jini ya maye gurbin shaidu huɗu ba. Wanda ya kalli takardar 'yar'uwarsa ya ce ai ga sakamakon yawo nan, ya binciki kansa, domin yana iya faɗawa cikin ƙazafi.

Haka kuma takardar ba sanarwar ajali ba ce. Sunan nan ƙanjamau ya samo asali ne daga abin da idanunmu suka gani, mutum ya ƙanjame ya zama ƙashi da fata. Wancan shi ne matakin ƙarshe na wanda bai sami magani ba. Tun 2006 gwamnatin Nijeriya ta fara bayar da maganin kyauta a asibitocinta, daga 2016 kuma aka koma fara wa duk wanda aka tabbatar magani nan take, ba sai ya kwanta ba. Ga mafi yawan manya ƙwaya ɗaya ce a rana.

Wanda ya fara magani zai riƙa jin lambobi biyu, masu gida da waliyyai ya kamata su san su. Ta farko CD4, wato yawan dakarun garkuwa a cikin ɗan ma'aunin jini. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500. Idan ta sauka ƙasa da 200 garkuwa ta yi rauni ƙwarai, tarin fuka da sauran cututtuka suna samun ƙofa. Wannan lamba so ake ta hau. Ta biyu ita ce yawan ƙwayar cutar a jini, wadda ake aunawa bayan wata shida da fara magani. Ita kuma so ake ta sauka. Ƙasa da 1,000 an ce an danne ta. Idan ta sauka har na'ura ta kasa ganinta, bincike ya tabbatar da cewa mutumin ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar kwanciya, muddin ya dawwama a kan magani. Binciken HPTN 052 ya nuna a 2011 cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, binciken PARTNER da aka wallafa a 2016 kuma bai sami ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zamansa wanda ƙwayarsa ke ƙasa da 200 ba.

Wannan ilimi yana da tasiri a kan fatawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na tara a Abu Dabi a 1995, ta yanke cewa killace mai wannan cuta ba wajibi ba ne, sa wa wani da gangan haramun ne mai jawo uƙuba, uwa ba ta rasa haƙƙin renon ɗanta saboda cutar, mace kuma tana da damar neman rabuwa da mijin da ya kamu. An yi wannan hukunci ne kafin magungunan yau su bayyana. Damar tana nan ga wadda ta so, amma wadda ta zaɓi zama da mijinta a yau, yana shan magani ana auna jininsa, ba ta jefa kanta cikin halaka ba. Abin da ba shi da mafita shi ne ɓoyewa. Malamanmu na Malikiyya sun ba da zaɓin warware aure a kan aibobin da aka ɓoye, irin su hauka da kuturta da albaras. Wanda ya san halinsa ya yi shiru, ko ya sayi takardar bogi, ko ya tura abokinsa a ɗebi jini da sunansa, ya yi ha'inci a cikin abin da ya fi dukiya tsada, kuma wanda ya buga masa hatimin abokin tarayyarsa ne.

Game da jarirai kuwa, mace mai ciki ta yi gwaji tun zuwanta awo na farko. Idan ba a yi komai ba, tsakanin 15 zuwa 45 cikin 100 na jariran uwaye masu ƙwayar suna kamuwa, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani adadin yana sauka ƙasa da 5. Kada kuma a yi wa jariri gwajin gaggawa a ce ya kamu, domin makaman garkuwar uwarsa suna iya zama a jininsa har wata 18. Gwajinsa shi ne PCR a wajen mako shida, a kuma sake dubawa bayan yaye.

Akwai tarko guda da ya ci mutane da yawa, kuma da sunan addini ake ɗana shi. Mutum yana shan maganin asibiti, yana kuma karɓar wani jiƙo daga mai lasifika a bakin kasuwa. Aka auna jininsa aka ce ba a ga ƙwayar ba, sai mai jiƙo ya ce ka ga aikina, ka warke, zubar da na Bature. Ƙwayar tana nan a maɓoyarta cikin jiki, maganin asibiti ne ya danne ta, kuma cikin 'yan makonni da barinsa take dawowa. Wanda ya daɗe a kan magani ma gwajin gaggawa yana iya ba shi negetif na ƙarya, shi ya sa ba a maimaita masa irin wannan gwajin. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi da'awar yana warkar da cutar da ganyaye da addu'o'i, aka sa marasa lafiya suka bar maganinsu, wasunsu suka mutu. Mu da muka tsaya a kan yaƙi da bokaye da 'yan tsibbu, bai kamata wannan ya wuce ta gabanmu don an yi masa rawani ba. A yi addu'a, a yi ruƙiyya ta shari'a, a kuma sha magani a kan lokacinsa. Mai azumi ya gaya wa likitansa a mayar masa da lokacin sha zuwa dare.

Ya ku limamanmu, ga roƙona gare ku. Kada a karanta takardar kowa a gaban taron ɗaurin aure. A kawo ta tun da sauran kwanaki, a duba ta a keɓe, kuma a tabbatar daga asibitin da aka sani ta fito. Idan an sami matsala, ango da amarya ne masu haƙƙin sani da farko, a zaunar da su tare da ma'aikacin lafiya, su zaɓa da saninsu. Idan aka fasa, sai a ce Allah bai yi ba, kalmar ta wadatar. Dokar ƙasa ta 2014 ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da ƙwayar da tona asirinsu ba da izininsu ba, kuma kafin dokar, amana ce da za a tambaye mu a kanta. Zai yi kyau ƙwarai kowane reshe ya ware mutum biyu daga 'yan agaji, namiji da mace, a tura su asibitin da ke kusa su koyi wannan aiki, domin liman ya sami wanda zai kira idan takarda ta rikice masa.

Na ga ladan ya miƙe. Tambayoyin da iyayenmu mata suka aiko a rubuce suna hannuna, za mu ɗauke su bayan salla in Allah Ya yarda. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.